Ranar Sunan Na'urar Nomau

A ƙauyenmu Dutsen Kurciya, in ka wuce rijiyar maƙera ka yi hannun dama, gida na uku mai kanya a tsakar gida shi ne gidan Iya Delu. Katangarmu ɗaya da su, saboda haka abin da zan ba ku ba a kasuwa na tsinto shi ba, ta saman katanga na gani. Mutum uku ne a gidan: Iya Delu, da ɗanta na biyu Nomau, da matarsa Tasalla. Sai jaki, sai wata akuya mai ƙaho guda. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ce na ce. Ya gama firamare, rubutunsa ya fi na hedimasta kyau, kuma ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Lalurarsa guda ce: yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Ranar da Iya ta ce ya tsare kaji kada su shiga shanya, ya tsare kajin tsaf, akuya kuwa ta cinye shanyar yana kallo, don ba a ambaci akuya ba.

Akwai na huɗu, amma ba ya nan. Zakari ne, ɗan farin Iya. Shekara bakwai ke nan da ya sayar da shanun huɗar da mahaifinsu ya bari, ya ce zai ƙetare hamada ya nemo arziki. Iya ta tsaya a zaure ranta a ɓace ta ce, "Kada ka sake taka gidan nan sai da shanun." Ya sa kai ya fita. Sau ɗaya ya kira da wayar aro, ya ce wa Nomau ba shi da waya, amma in ya samu dama zai rubuto ta imel. Daga nan shiru kamar an shuka dusa. Iya kuwa mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tambayar labarinsa, ko yana gabanta ba za ta dube shi ido da ido ba. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce hasken raguwa yake yi. Kullum da hantsi sai ta ja tabarma ta zauna tana fuskantar zaure, ta ce wai iskar wajen ta fi daɗi. Duk unguwa mun san so take ta ga ɗanta kafin ganin ya ƙare, kuma tausayinta ya hana kowa faɗa.

Wata rana Malama Sakina ta zo gaishe da gwaggonta. 'Yar kawun Nomau ce, wato taubashiyarsa, tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata a birni. Tun daga zaure take kiran, "Ina sarkin tsaron kaji?" Nomau bai kula ba, wata tambaya ce ta daɗe tana cin sa.

"Sakina, ita imel ɗin nan in an aiko ta, a ina take sauka?"

"A cikin manyan na'urorin kamfanoni, can ƙasashen waje. Daga nan mai ita ya buɗe ya karanta."

"Wato wasiƙar Yaya sai ta kwana a gidan wasu? Mu ba mu da gida ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta waiwaya ta ga gwaggonta ta daina tsintar wake ta kasa kunne, sai dariyar ta tsaya. Ta ce ana iya ajiye ƙaramar irinta a gida, saba ake ce mata, aikinta ta karɓi wasiƙa ta saka a akwatin mai ita, kamar dai gidan waya. Ranar Asabar sai ga ta da wata tsohuwar kwamfuta. Ta kife turmi a ɗakin Nomau ta ɗora ta, ta jona ta da batirin solar da suke cajin waya, ta yi ta danne-danne har azahar. Da za ta tafi ta ce, "Abu ɗaya, Yaya Nomau. Ba ta son zafi. Ka tabbata tana inda iska take."

Washegari Nomau ya zagaya gidan yana ɗaga yatsa sama, bai ji iskar kirki ba. Sai ya cire wayoyin, ya naɗe na'urar a zanen Tasalla, ya ɗora wa jaki, suka hau can ƙolin dutse inda iska ba ta yankewa. Ya zauna da ita a cinya har la'asar. Lokacin shamuwa sun fara dawowa, alamar damina ta kusa. Ya ce mini daga baya ya yi ta kallonsu yana tunanin ta samansu wasiƙu suke bi, farare sol, ba su da fiffike, kowace ta san gidan da za ta, kuma a cikinsu akwai wata da ta gaji tana neman kanyar gidansu ta sauka. Yana cikin haka Sakina ta kira ta ji ko na'urar na aiki.

"Lafiyarta ƙalau, ta yi sanyi sosai."

"Fitilarta na ci?"

"A'a. Ai ba batir a kan dutse."

Muna daga ƙasa muka ji ihun Sakina ta cikin wayar. Da magariba ya sauko da ita, ya mayar kan turmi, ya buɗe taga kamar yadda ta ce.

Wata rana Sakina ta dawo ta nuna masa yadda ake buɗe akwati. Ta ce, "Duk ɗan gidan nan ka buɗe masa nasa." Ta haɗa wayar Tasalla da na'urar, ta ce su gwada na kwana uku, duk maganar da za su yi wa juna su aika ta nan, a ga ko tana kaiwa. Nomau ya buɗe wa Iya, ya buɗe wa Tasalla, ya buɗe wa kansa. Ya yi shawara da zuciyarsa game da jaki, ya ga a gidan aka haife shi, ya buɗe masa. Akuya sayo ta aka yi, ya bar ta. Sannan ya buɗe na Zakari, bai ma tsaya tunani ba, don in ana lissafin 'yan gida da shi ake farawa.

A kwana na biyu Tasalla ta shanya gero a tsakar gida ta shiga madafa. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Nomau ya gani. Tsakaninsa da matarsa bai fi taku biyar ba, amma ya wuce ta ya shiga ɗaki, ya zauna gaban turmi, ya fara da yatsa ɗaya: sallama, gaisuwa, fatan tana lafiya kamar yadda yake lafiya. Kafin ya kai kan maganar hadari ruwa ya tsuge. Tasalla ta fito tana kwasar jiƙaƙƙen gero, sai wayarta ta yi ƙara a ƙugunta. Ta karanta ta ɗago ta dube shi.

"Maigida, bakinka ciwo yake?"

Ya girgiza kai, ya koma ɗaki ya rubuto mata, "A'a."

Tasalla mace ce mai haƙuri, amma ranar har ni na samu rabona, don ta hango kaina a kan katanga ina dariya.

Wata rana da hantsi Iya ta lallaɓo ta tsaya a bakin ɗakin Nomau, tana dafe da bango. Ta daɗe tana sauraron ƙugin na'urar.

"Ita abar nan, kowa na gida tana kai masa?"

"Kowa, Iya."

"Har wanda ba ya nan?"

"Yana da akwati."

Ta zauna a kan kujerar tsugunno. Nomau ya kira Sakina ya ce Iya na son a yi mata wasiƙa, me zai rubuta? Sakina tana tsakiyar aji, ba ta tambayi wasiƙar wa ba, ta ce, "Duk abin da ya fito daga bakinta ka rubuta." To, kun dai san Nomau. Tun daga ranar, duk hantsi Iya sai ta zo ta zauna ta yi magana tana kallon ƙasa, shi kuma yana bin ta da yatsa. In ta yi tari ya rubuta ta yi tari. In ta ce Tasalla ta kori kaza, kaza ta shiga wasiƙa. In ta yi shiru ya rubuta, "Ta yi shiru." In kuma ta faɗi wata magana ta ji nauyinta, ta ce, "Kai, ban da wannan, kada ka rubuta," sai ya rubuta maganar, ya rubuta "kada ka rubuta" a ƙarƙashinta, tunda duka biyun daga bakinta suka fito. Haka aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya fitar da kai. Iya ta fara cin abinci da ɗan dama. In ta tashi takan shafa na'urar ta ce, "Ta tafi?" Nomau ya duba ya ce, "Ta shiga akwatinsa, Iya." Bai yi ƙarya ba.

Wata rana Sakina ta zo duba na'urar, Nomau ya ce mata yana mamaki har yanzu Yaya bai ba da amsa ba. Ta buɗe ta ga wasiƙu sun taru a akwatin Zakari, ba wadda aka taɓa buɗewa. Ta karanta layi biyu ta rufe, idonta ya kawo ruwa. Ranar ba ta tsokane shi ba.

"Yaya Nomau, wasiƙun nan ba su fita daga ɗakin nan ba. Laifina ne, ban yi maka bayani ba. Na'urar nan 'yan cikin gida kawai ta sani. Na waje ba zai same ta ba, don ba ta da suna."

"Ba ta da suna?"

"Domen ake ce masa. Sai an ba ta suna, an rubuta shi, an sanar, ta yadda duk wata hanya ta duniya za ta san cewa sunan nan a gidan nan yake. Ka bari in gama da jarrabawar ɗalibai, ni zan yi. Kuma don Allah kada Gwaggo ta ji."

Nomau bai gaya wa Iya ba. Amma abin ya tsaya masa a rai. Wata huɗu tana gidansu, tana yi musu hidima, ba a raɗa mata suna ba, ko jinjirin da aka tsinta ba a yi wa haka. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da na'urar.

Wata rana da sassafe ya je wurin Liman Barmo ya ce ya zo gayyatar suna. Liman ya yi murna, ya ce ashe Tasalla ta sauka ba a ji ba? Da ya ji ko wace ce mai sunan sai ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ya ce ba a yi wa ƙarfe raɗin suna, kuma kada a yanka komai, amma zai zo ya yi wa gidan addu'a, don sadaka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mu kuwa da ba ma ƙin abin kallo muka cika wurin, har da mutanen ƙauyen gaba. Tasalla ta dama fura tana faɗa tana zuba nono. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya zagaya na'urar bai ga inda zai aske ba, ya ciro tsumma ya goge mata ƙura ya ce ya gama. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sai Nomau ya miƙe.

"Sunanta Zakariya'u."

Wani ya ce ai sunan maza ne. Nomau ya ce wasiƙun Yaya ne a cikinta, sunan wa kuma za ta ci? Ba wanda ya sake dariya. Iya tana tsakar gida ta ji. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar. Daga ranar ba ta ƙara cewa "abar nan" ba, sai dai ta ce "mai suna."

Saura abu biyu cikin maganar Sakina: a rubuta, kuma kowace hanya ta sani. Wata rana, ranar kasuwar birni, Nomau ya ɗauki ƙwaryar goro da tarin 'yan takardu da ya kwashe mako yana rubutawa da kyakkyawan hannun nan nasa, ya nufi babbar tasha. A kowace takarda abu ɗaya ne: "An yi suna a gidan Iya Delu, Dutsen Kurciya, bayan rijiyar maƙera. An sa Zakariya'u. Sunan nan a gidan nan yake." Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, masu zuwa kudu da albasa, masu zuwa gabas da shanu, manyan motocin da ke nausawa hamada. Kowane direba goro biyu da takarda ɗaya.

"Wa zan ba?" in ji wani direba.

"Ba kowa. Hanya ce ake so ta sani."

Direbobi suka yi dariya suka ce Allah ya raya. Wasu suka naɗe goron da takardar, wasu suka soke ta a gaban gilashi don rubutun ya burge su. Da Sakina ta ji labari ta dafe kai ta ce, "Na shiga uku da taubashina!" Ni ma, in faɗi gaskiya, na ce wannan karon wautar ta kai maƙura, an yi asarar goro.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka kai rumbu. Idon Iya ya ƙara dushewa, har ta fara gane mu da murya kawai in muna inuwa. Ba ta fasa zuwa wurin mai suna ba, amma wasiƙun sun gajarta.

Wata rana da hantsi na ji sallama a zaurensu, irin sallamar wanda bai tabbata za a amsa ba. Na leƙa. Wani ramammen mutum ne, furfura ta fara masa a gemu, yana riƙe da baƙar leda. Sai da ya juyo na gane Zakari. Ashe bai taɓa ƙetare hamadar ba. A wani gari na bakinta ya maƙale yana dakon kaya a tasha, yana tara na shanu, in ya tara ciwo ko yunwa su cinye. A nan ya ga takardar a gilashin wata mota, ya gane rubutun ƙanensa tun kafin ya karanta.

Nomau ya fito ya rungume shi yana kuka kamar yaro. Zakari ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba.

"Ba dawowa na yi ba," in ji shi. "An ce kada in taka gidan nan sai da shanu, kuma ban samu ba. Amma an yi mini takwara. Ba a ce kada in zo ganin takwara ba."

Na ce a raina, ashe abin a jini yake.

Ya buɗe ledar, ga 'yar riga da 'yar hular saƙa ta jarirai da sabulu. Nomau ya ja hannunsa har ɗaki ya nuna masa turmi. Zakari ya dubi na'urar, ya dubi hular da ke hannunsa, ya dubi Nomau.

"Wannan ne takwaran?"

"Shi ne. Kuma kana da wasiƙu, Yaya. Sun daɗe da isowa, kai ne ba ka zo ka ɗauka ba."

Duk wannan abin Iya tana kan tabarmarta, ta juya fuska wajen kanya. Ba ta ce masa sannu ba. Abin da ta ce kawai, "Tasalla, a ba baƙo ruwa."

Zakari ya zauna gaban turmi, Nomau ya buɗe masa wasiƙar farko. Zakari ya fara karantawa a hankali, ni kuma ina jingine da katanga ina ji.

"Ka ce masa ana gaishe shi. Ka ce an yi shuka. Tasalla, kori kazar nan. Ta yi tari. Ka ce maƙwabta sun ara mana shanu, an yi huɗa, ba abin da ya ɓaci. Ta yi shiru. Ni ɗa na haifa, ba sa na haifa ba. Bakina ne ya yi zafi ranar, da zai dawo ko da tsinke a hannu, da na gode wa Allah. Kai, ban da wannan, kada ka rubuta. Ka ce dai ana gaishe shi."

Zakari ya dakata a nan. Ya buɗe ta biyu, ta uku, bai ƙara ɗaga murya ba. Har azahar yana zaune, ruwan da Tasalla ta kawo yana gefe bai taɓa ba. Na share hawaye da hannun riga, ban ji kunyar kowa ba.

Da ya gama ya fito ya tsugunna daga nesa a inuwar kanya, kansa a ƙasa. Iya ba ta juyo ba.

"Nomau, ban ce kada ka rubuta ba?"

"Kin ce, Iya. Shi ma na rubuta."

Tasalla ta toshe baki ta gudu madafa. Iya ta gyara mayafi. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Tasalla, ki ce wa baƙon nan ya matso cikin rana. Ba na son mutum yana zama mini a inuwa."

Zakari ya matso har inda rana ta fi haske, ya sake tsugunnawa. Iya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska kamar mai kare ido daga rana, ta ƙura masa ido ta gefensa. Ta daɗe tana kallo, ba wanda ya nuna ya gani.

Ranar Asabar Sakina ta iso da saurinta, ta ce ta gama da jarrabawa, yau za ta yi wa na'urar rajistar suna don wasiƙu su samu fita. Nomau ya ce ta bari kawai, ai sun riga sun isa. Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, sai ta hango wanda ke gyaran dangar akuya a tsakar gida. Ta tsaya cak, jakarta ta sulale ƙasa.

Na'urar tana nan a kan turmi har yau, da 'yar hular saƙa a kanta. Sakina ta ce hular na hana ta shan iska, a cire. Nomau ya tashi zai cire, Iya ta ce a bar wa mai suna kayansa.